Tashar Jirgin Ƙasa ta Hawata

Tashar Hawata tana bakin kogin Rahad, a jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, kan layin dogon da ya haɗa Sinnar da Gadarif. Turawan Ingila ne suka shimfiɗa layin a zamanin mulkin haɗin gwiwa da Masar. Dogon ya taso daga Haiya ya iso Kasala a 1924, ya kai Gadarif a 1928, sannan aka haɗe shi da Sinnar a 1929. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, daidai da tsohon dogon Kano zuwa Legas.

Ƙasar yankin baƙar laka ce, da damina ta sauka ba raƙumi ba mota. A wancan zamani jirgi kaɗai ke ratsa ta, shi ya sa ƙauyen da ya samu tasha ya zama kasuwa. A Hawata ake loda dawa da riɗi da ƙaro a taragu zuwa Bur Sudan, a sauke gishiri da sukari da atamfa. Da aka fara noman tarakta a Gadambaliya wajen 1945, kaya suka ƙaru, aikin dako ya bunƙasa.

Tarihin tashar ba ya rabuwa da na Hausawa da Fulani, waɗanda ake kira Takari ko Fallata. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, sun zauna kusa da Sinnar. Wasu kuma maniyyata ne da kan yada zango su yi noma, su tara guzuri, su ci gaba. Da yawa sun kafa unguwanni a gaɓar Rahad, suna noma da kamun kifi, jirgi kuma ya rage musu nisan hanyar Bahar Maliya.

Koma-bayan ya zo ne sannu a hankali. Wajen 1980 aka kammala kwaltar Khartum zuwa Bur Sudan ta Wad Madani da Gadarif, manyan motoci suka kwashe lodi. A 1981 gwamnatin Numairi ta murƙushe yajin aikin ma'aikatan reluwe. Kayan gyara suka yi ƙaranci, ambaliya na cinye ƙasar ƙarƙashin dogo ba mai gyarawa, har jirgi ya daina bin layin. Garin bai mutu ba, domin noma ya riƙe shi, amma amfanin gonarsa yanzu mota ke fitar da shi.