Daga Adaka Zuwa Jan Ɗigo: Tarihin Saitin Bindiga

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Kano ya san 'yan bindigar Sarki. Sukan ɗura albarushi ta bakin adaka, su ɗaga ta sama, su danna kunama, ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, yara su watse suna dariya. Babu mai kanne ido ya yi saiti, domin ƙarar ita ce abin nema. Wannan adakar da ta zama kayan ado a yau, da ita aka taɓa tsaron birni, kuma ƙarancin saitinta na cikin dalilan da suka sa birnin ya faɗi.

Bindiga ta daɗe a wannan yanki. A ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno ya samo 'yan bindiga Turkawa. Kundin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har ana ƙera masa igwa a Zinder.

Duk da haka bindiga ba ta kori kwari da baka ba, kuma akwai dalili. Cikin bututun adaka sumul yake, babu tsagar da za ta murɗa harsashi ya tafi a miƙe, saboda haka da nisa ya ɗan ƙaru sai ya kauce. Ɗurin ta na cin lokaci. Idan ruwa ya taɓa albarushi, ko ƙanƙarar ta ƙi ba da wuta, to sanda ce kawai a hannun mutum. Shi ya sa mayaƙan da suka san aikinsu ba su taɓa dogara da ita kaɗai ba: maharba na gefe, takobi na rataye. Ko laƙabin Sarkin Kano Alu, Maisango, yana tuna mana da wannan gamin gambiza, domin sango mashi ne da ake cusawa a bakin bindiga a harba.

Turawa sun san inda fifikonsu yake. A taron Brussels na 1890 suka amince a hana shigo da bindigogin zamani masu kyakkyawan saiti cikin mafi yawan Afirka, amma aka bar ƙofa a buɗe ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wato an bar mana ƙara, an riƙe saiti.

Sakamakon ya bayyana a kan hanyar da mu mutanen Kumbotso muka sani sarai. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji sama da 700, igwa huɗu da bindigogin Maxim huɗu. Suka fasa Bebeji, suka ratso ƙasar kudancin Kano, wadda ruwan madatsar Tiga ke ciyar da shinkafarta da tumatirinta a yau, suka sauka a bakin kogin Challawa. Ranar 3 ga Fabrairu suka gwada Ƙofar Dukawuya ta gagare su, suka koma Kabuga suka shiga. Sarki Alu yana Sakkwato a lokacin. Makonni kaɗan bayan haka Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi tare da jaruman da suka yi ta sukuwa cikin ruwan harsashi. Jarunta ba ta yi ƙaranci ba. Sojan da ke gabansu yana riƙe da bindigar da ake ɗurawa ta baya, mai tsaga a cikin bututu, mai ƙarfen saiti da ake ɗagawa gwargwadon nisa, yana iya samun mahayi tun kafin kibiya ko adaka ta kai gare shi.

Wannan ƙarfen saiti abu ne mai sauƙi: 'yar tsaga a baya, ɗan tsinke a kan hancin bindiga. Mai harbi zai jera tsinken cikin tsagar, ya ɗora su kan abin hari. Matsalar ita ce abubuwa uku ne a nisa daban-daban, ido kuwa ɗaya kawai yake iya gani tar a lokaci guda. Shekara uku kafin faɗuwar Kano, a 1900, wani maƙerin madubin hangen taurari ɗan Ailan, Howard Grubb, ya fito da mafita: gilashin da ke nuna alamar haske a kan abin hari, ido ya tsaya wuri ɗaya. Jiragen yaƙi ne suka fara cin moriyar dabarar. A 1975 kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fitar da na'ura mai jan ɗigo da ƙaramin ƙwan lantarki ke haskawa. Masu gasar harbi a Amurka suka ɗora ta a kan fistol wajen 1990, Trijicon ya fitar da ƙaramar RMR a 2009, daga 2015 kuma Glock ya fara sayar da fistol da aka yi wa gurbin na'urar tun daga masana'anta.

Nan tsohuwar matsala ta dawo da sabuwar riga. Jan ɗigo yana aiki da batir, batir kuwa yana mutuwa. Gilashi yana fashewa. Ƙurar hunturu irin tamu, ko ɗigon ruwa, ko taɓo irin na fadamun Kura da Bunkure, na iya toshe ƙwan hasken. Saboda haka ƙwararru ba su cire ƙarfen saiti ba. Sun ƙara masa tsayi don a riƙa hango shi ta cikin gilashin, sannan suka shiga muhawarar inda ya dace a kafa shi.

Wasu suna barin tsagar a bayan na'urar, inda take tun asali. Hujjarsu ita ce tazarar da ke tsakanin tsaga da tsinke ta fi tsawo, kuma tsawonta ke rage kuskure. Wasu suna kafa ta a gaban na'urar, don kada wani abu ya shiga tsakanin ido da gilashi, ƙarfen kuma ya ɗan kare gilashin daga bugu, ko da yake tazarar takan gajarce. Haka batun tsayi: akwai masu so ƙarfen ya zo daidai tsakiyar gilashi tare da ɗigon, akwai masu so ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, a ga fili sosai. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne kada a wayi gari babu abin komawa. Da tsohuwar zuma ake magani, kamar yadda ɗan bindigar Babba Zaki bai raba kansa da takobi ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan muhawara ba tamu ba ce, tunda Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da ba a mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa. Gaskiya ne, amma jami'an da ke ɗauke da bindiga a kasuwanninmu da shingayen hanyar Zariya da kuɗinmu ake saya musu ita. Harsashin da ya kauce wa abin hari yana sauka a kan wani: mai tallan ruwa, ɗan makaranta, manomin da ya ɗauko tumatir daga Kadawa. Idan an zo maganar sayen makamai a kasafin kuɗi, ya kamata mu riƙa tambaya sau nawa jami'i ke zuwa filin koyon harbi a shekara, wa ke duba saitin bindigarsa, kuma me zai koma gare shi ranar da na'urarsa ta ƙi aiki.