Daga Garin Alli Zuwa Jan Layin Gwajin Maleriya

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan kemistiri da bayokem da ke ta guna-guni kan faratikal ɗin kuromatogirafi na wannan zangon, ku ɗan ba ni aron hankalinku. Yawancinmu haddace shi kawai muke yi don jarrabawa, ana fita daga hol a manta. Ni dai a ganina, duk wanda ya san asalin abin nan ba zai ƙara raina shi ba.

Labarin hanyoyi biyu ne da suka zo suka haɗu. Ta farko ta zinare ce.

Zinaren da muka sani rawaya ne, amma in aka mayar da shi ƙananan ƙwayoyi masu girman kamar nanomita 20, ja yake komawa. Nanomita ɗaya fa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Tun ƙarni na 4 Rumawa suka yi wani kofin gilashi da ake kira kofin Lycurgus, yana nan a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. In haske ya faɗo masa ta gaba, kore ne. In ya ratso ta bayansa, sai ya koma ja. Ƙwayoyin zinare da azurfa ne a cikin gilashin, alhali maƙeransa ba su da hanyar ganin su.

A 1857 Michael Faraday ya haɗa jan ruwan zinare a Landan, ya ce launin daga ƙanƙantar ƙwayoyin yake. Kwalabensa har yau suna ajiye. A 1908 Gustav Mie na Jamus ya kawo lissafin da ya nuna yadda girman ƙwaya ke sauya launi. A 1951 John Turkevich a Amurka ya fitar da hanya mai sauƙi: a tafasa ruwan gishirin zinare, a zuba sitiret, sai ka ga ja ya bayyana. To, sai dai ba kullum ƙwayoyin ke fitowa kai ɗaya ba. Wasu manya, wasu ƙanana, wasu ma siffarsu daban. Ta yaya za a tace su?

Nan hanya ta biyu ta shigo. Mikhail Tsvet masanin tsirrai ne ɗan Rasha, yana aiki a Warsaw. Ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan da ya jiƙa ganye a ciki, sai launuka suka rabu hawa-hawa, kore daban, rawaya daban. A 1903 ya gabatar da aikin, a 1906 ya raɗa masa suna kuromatogirafi, wato rubutu da launi. Abin dariya, sunansa Tsvet ma a harshen Rasha launi yake nufi. Amma manyan masana na lokacin ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Ya rasu a 1919, sai a 1931 Richard Kuhn da Edgar Lederer suka farfaɗo da hanyar a Jamus. Daga baya Martin da Synge na Ingila suka faɗaɗa ta, har suka ci kyautar Nobel a 1952.

Nau'in da ya fi shafar zinarenmu ya samu gindin zama a 1959, lokacin da Porath da Flodin a Siwidin suka cika bututu da ƙwallaye masu ƙananan ramuka. Ga inda ake yawan faɗuwa a jarrabawa: manyan ƙwayoyi ne ke fara fita, ba ƙanana ba. Babba ba ya iya shiga ramukan, sai ya bi titi ya wuce; ƙarami kuwa sai ya leƙa kowane lungu, shi ya sa yake makara. Da aka gwada da zinare, sai ya riƙa manne wa bututun. Maganin da aka samo shi ne a zuba wani sinadari dangin sabulu mai suna SDS a ruwan da ke tura ƙwayoyin. A bakin fita kuma na'ura na auna hasken da suka shanye, wajen nanomita 520.

Za ku ce ina ruwanmu? Wannan ɗan farantin gwajin maleriya na asibitin makaranta, wanda ake ɗiga masa jini, jan layin da ke fitowa a yawancinsu ƙwayoyin zinare ne aka maƙala wa sinadarin da ke kama alamar ƙwayar cutar. Yadda jinin ke tafiya a kan takardar ma wani salo ne na kuromatogirafi. In girman ƙwayoyin ya cakuɗe ko suka dunƙule, layin na iya dusashewa, a ce wa mai zazzaɓi lafiyarsa lau. Kun ga tace zinaren nan ba wasan lab ba ne, rai ne a ciki.

Na san ƙorafinmu gaskiya ne: wuta ba ta tsayawa, na'urori sun tsufa, mutum goma kan bututu ɗaya. Mu ci gaba da neman a gyara, hakkinmu ne. Amma Tsvet da alli da gilashi ya fara. Ranar faratikal, a daina kwafar sakamakon na kusa, kowa ya tsaya ya ga launin ya rabu da idonsa.

'Yan aji huɗu masu neman maudu'in furojet, ga ƙofa a buɗe.