Roƙon Addu'a da Wanda Bai Yi Imani Ba: Nazari Daga Hanyar Segedin

Segedin ƙaramin gari ne na dabino da gishiri a arewacin Kawar, cikin jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, mazaunin Barebari da Tubawa. A nan hanya take rabuwa, ɗaya ta nufi Jado, ɗaya ta miƙe zuwa Madama da iyakar Libiya. Saboda yawan masu ratsa garin, tun Fabrairun 2016 hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta kafa wurin ƙidayar matafiya a cikinsa. Duk wanda ya san yadda ake loda motocin nan ƙirar Hilux, mutum sama da 20 a baya, ƙafafu na lilo a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafe tsakanin cinyoyinsa, jarkar ruwa a naɗe cikin buhu, ba zai yi mamakin abin da matafiyi ke faɗa wa gida kafin layin waya ya ɗauke ba: "A sa mu a addu'a."

Sai dai ba duk wanda wannan roƙo ya isa kunnensa ne mai imani ba. A cikin motar, da kuma cikin dangin da aka baro, akwai Musulmi da Kirista, akwai kuma wanda a zuciyarsa ya daina yarda cewa akwai mai amsa addu'a. Wannan maƙala tana duba halin da na ƙarshen yake shiga, da haƙƙin da ke kanmu game da shi.

A 2019 Linda Thunström da Shiri Noy sun wallafa wani bincike a mujallar PNAS, wanda suka gudanar a jihar Karolina ta Arewa a Amurka bayan guguwar Florence ta 2018. Sun auna da kuɗi darajar da mutanen da suka shiga wahala ke bai wa addu'ar wani. Kiristoci sun kimanta addu'ar baƙon Kirista a kan fiye da dala 4, ta limamin coci fiye da dala 7. Marasa addini kuwa sun yarda su yi asarar kusan dala 3 da rabi don kada baƙon ya yi musu addu'a. Abin da wani ya ɗauka kyauta ce, wani nauyi ya ɗauke shi.

Ba daidai ba ne a kwaso wannan sakamako a ɗora wa ƙasar Hausa yadda yake. A can mutum yana iya cewa "na gode, ba na so" ya kwana lafiya. A nan kowa ya ga abin da ya sami Mubarak Bala, shugaban ƙungiyar 'yan ra'ayin ɗan Adam ta Nijeriya, wanda aka kama a Kaduna a Afrilun 2020, babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022 bisa laifin saɓo, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin shekara 5 a 2024. Ko mene ne ra'ayin mai karatu kan shari'ar, saƙon da ta isar ga masu irin tunaninsa a fili yake. Don haka marar imani a tsakaninmu yakan ɗaga hannu tare da jama'a, ya shafa, ya ce amin. In ya yi, zuciyarsa ta ce ya yaudari mai roƙo a ranar da ya fi bukatar gaskiya. In ya yi shiru, a ce ba shi da tausayi, ko a fara yi masa kallon da ya fi wannan haɗari. Wannan ƙunci ne na gaske, kuma ba ƙiyayya ga mai roƙon ce ta haifar da shi ba.

A ganina mafita tana cikin roƙon kansa, domin kaya biyu yake ɗauke da su. Akwai neman taimakon Ubangiji, akwai kuma sanarwa cewa ga ni zan shiga haɗari, kada a manta da ni. Kaya na biyu kowa yana iya ɗauka, da mai imani da marar shi. A hanyar Segedin kuwa wannan kaya rai ne sukutum. A Yunin 2017 an tsinci mutum 24 suna tafe a ƙasa kusa da garin bayan direbobi sun watsar da su, aka kuma yi ƙiyasin abokan tafiyarsu sama da 50 sun halaka. A lokacin dokar Nijar ta 2015 mai hukunta safarar baƙin haure tana aiki da ƙarfi, direbobi suna kauce wa rijiyoyi da shingayen jami'ai suna bin ɓoyayyun hanyoyi. Sai a Nuwambar 2023 gwamnatin soja ta soke ta. A irin wannan yanayi, wanda ya rubuta ranar tashin mota da sunan direba, ya lissafa kwanakin da ya kamata a ji ɗuriyar matafiyi, ya kai rahoto da zarar shiru ya yi yawa, ya amsa roƙon nan ko da bakinsa bai furta amin ba.

Mai imani zai iya cewa an rage wa addu'a daraja, an mayar da ita saƙon gaisuwa. Ban yarda ba. Addinin da ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali bai taɓa raba addu'a da ɗaukar mataki ba, kuma addu'ar da aka tilasta wa harshe alhali zuciya ba ta ciki, ba abin da za ta ƙara wa matafiyi. Abin da ke zubar da darajarta shi ne a mayar da ita ma'aunin bincikar imanin mutane, ko mafakar wanda ke da halin taimako ya ƙi.

Ina kira ga malamai da iyaye, musamman a garuruwan da 'ya'yansu ke bin wannan hanya, da su bar roƙon addu'a a matsayinsa na roƙo. Wanda ya ce amin a gode masa. Wanda ya ce "ina tare da ku, me zan iya yi?" a ba shi aikin da zai yi, kada a tsare shi da tambayar abin da ke cikin zuciyarsa.