Gwajin Ƙwayar Gado da Asalin Dangi a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Tun zamanin da, idan ana so a san asalin mutum a ƙasar Zamfara, abu uku ake dubawa: zanen da ke fuskarsa, da kirarin da maroƙa ke yi wa gidansu, da abin da tsofaffi suka riƙe da ka. Yanzu Turawa sun zo da na huɗu, watau gwajin ƙwayar gado da suke kira DNA, wanda ake yi da ɗan yawu ko ɗigon jini. Tambayar da ta kamata malamai su yi ita ce, wace magana wannan gwaji zai iya yankewa game da dangogin Talatar Mafara da Bakura da Maradun, wace ce kuma ta fi ƙarfinsa?

Ga yadda gwajin yake aiki. Kowane ɗan Adam yana gadon rabin ƙwayoyinsa daga uba, rabi daga uwa, suna cakuɗewa a kowace haihuwa. Amma akwai wata guda, ana ce da ita Y, wadda maza kaɗai ke da ita, tana kuwa wucewa daga uba zuwa ɗa kusan yadda take, sai ɗan canji da ke aukuwa jefi-jefi. Da waɗannan canje-canje ake gane ko maza biyu sun haɗa kaka ta wajen uba, a kuma kimanta nisan zamanin kakan.

A Ingila sunan gida yana bin wannan hanya sak, gama tun wajen ƙarni na 14 ɗa ke gadon sunan ubansa har jikoki da tattaɓa-kunne. Saboda haka a 2000 wani malamin Jami'ar Oxford, Bryan Sykes, ya buga sakamakon gwajin da ya yi wa maza masu suna Sykes, ya tarar kusan rabinsu alamarsu ɗaya ce. Abin lura a nan shi ne, binciken ya yiwu ne don suna da ƙwaya tafiyarsu ɗaya.

To, a ƙasar Hausa suna ba ya tafiya haka. Yaro yakan ɗauki sunan yanka, a haɗa masa da na ubansa, idan shi ma ya haifa sai sunan kakan ya faɗi. Da makarantun boko suka zo, sai aka riƙa liƙa wa yara sunan garinsu don a rarrabe su cikin rajista. Ta haka aka sami Aminu Kano, da Sa'adu Zungur, da Shehu Shagari. Ashe ke nan mutum goma masu amsa sunan Mafara ko Bakura ko Maradun, abin da sunan ya tabbatar kurum shi ne daga gari ɗaya suka fito. Wani maƙeri ne, wani ɗan sarki, wani kuwa jikan baƙon da fatauci ya kawo.

Sunayen dangogi ma sai an yi hattara da su. Ɗafin nan na “-awa” da ke cikin Zamfarawa da Burmawa da Gobirawa, aikinsa a nahawu shi ne nuna jama'ar wani wuri, ko mabiyan wani mutum, ko masu wani hali. Shi ne dai cikin Kanawa, da Ƙadirawa, da talakawa. Ba wanda zai ce talakawa kakansu ɗaya. Kalmar tana faɗin inda mutum ya jingina, ba ta yi alkawarin jini ba.

Tarihin ƙasar kansa yana ƙarfafa wannan. Riwayar Zamfarawa, wadda Bajamushe Kurt Krieger ya tattara cikin littafinsa na 1959, Garba Nadama kuma ya yi nazarinta a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, tana fara sarautarsu daga Dakka a garin Dutsi. Bayan 1760 kaɗan Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura har ya tabbata a Anka. Mutanen da suka watse suka shiga garuruwan kudu da na yamma, suka yi aure, suka hayayyafa.

Sa'an nan zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo. Ƙanensa Abdullahi ya ambata cikin Tazyinul Waraƙati cewa sun yi wajen shekara biyar suna wa'azi a Zamfara, Faru kuwa, wadda ke ƙasar Maradun, tana cikin wuraren da Shehu ya zauna. A 1805 jama'arsa ta yi sansani a Sabon Gari cikin Zamfara kafin ta koma Gwandu, a 1808 Alƙalawa ta faɗi. A zamanin Sarkin Musulmi Bello, daga 1817 zuwa 1837, aka mai da Bakura ribaɗi. Ribaɗi kuwa gari ne da ake tara wa mutane iri-iri: malamai, da mayaƙa, da makiyayan da aka zaunar, da masu sana'a, da bayi. Mafara ta riƙe gidan sarautarta na dā, har ta yi wa Sarkin Musulmi Abdurrahman tawaye a farkon sarautarsa, wajen 1891. Ko a kwanan baya, madatsar ruwan Bakolori da aka gama a 1978 ta tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Maradun, aka sake musu matsuguni.

Dubi laƙabin sarakunan garuruwan uku. Na Mafara Sarkin Mafara ne. Na Bakura Sarkin Burmi ne, watau na Burmawa, waɗanda riwayarsu ke kai asalinsu gabas, wajen Barno. Na Maradun Sarkin Kaya ne. Laƙabi yana adana tarihin gidan sarauta, amma talakawan da ke ƙarƙashinsa sun taru ne daga ko'ina, da yawansu kuma sun ɗauki sunan dangin da zanensa don zama ya haɗa su. Wanda ya gwada Burmawa ɗari yana jiran alama ɗaya, ya nemi abin da tarihi bai yi masa alkawari ba.

Abin da gwaji ya riga ya nuna game da Hausawa ya fi wannan zamani nisa ƙwarai. Tun 1950 Joseph Greenberg ya sa Hausa cikin dangin harsunan Cadi, reshen babban gidan da ya haɗa Larabci da Barbarci da tsohon harshen Masar. A 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa a Roma suka bayyana wani reshen ƙwayar Y mai suna R-V88, wanda ya yawaita cikin masu harsunan Cadi, musamman a arewacin Kamaru, ana kuma samunsa cikin Hausawa. Shekarunsa dubbai ne. Ya girmi Dutsi, ya girmi Musulunci, don haka ba shi da abin cewa game da wanda ya kafa Bakura. Haka kuma wani bincike da Hisham Hassan da abokansa suka buga a 2008 kan mazan Sudan ya sami babban reshen R cikin Hausawan can da Fulanin can gaba ɗaya. Alama ɗaya, ƙabila biyu.

Akwai kuma lissafi mai sauƙi. Mutum yana da iyaye biyu, kakanni huɗu, iyayen kakanni takwas. Idan aka koma baya hawa goma, wanda zai kai wajen zamanin Babari, gurabun kakanni 1,024 ne, ƙwayar Y kuwa labarin guda ɗaya take bayarwa cikinsu. Matan Zamfara da suka haifi 'ya'yan mayaƙan ribaɗi, suka shayar da su, suka koya musu Hausa, ba su cikin wannan lissafi ko kaɗan.

Duk da haka gwajin yana da wurinsa, idan an ƙuntata tambayar. Gidaje biyu da ke cewa kakansu na wajen uba ɗaya ne, kamar masu sarautar Burmi na Bakura da na Tureta, ko zuriyar maƙeran wani gari da ta wani, ana iya gwada maganarsu. Sharaɗinsa shi ne a fara rubuta salsalar kowane gida daga bakin tsofaffi, a gwama ta da jerin sarakuna da takardun ajami, a kuma gwada maza da yawa daga rassa dabam-dabam, da yardarsu. Idan alamu suka dace, riwaya ta sami mai shaida. Idan suka saɓa, an koyi cewa abin da ya haɗa gidajen riƙo ne, ko mubaya'a, ko auratayya, wannan ma tarihi ne.

Amma fa abin yana da haɗari. Shari'a tana danganta ɗa ga mijin uwarsa, ba ta tonon abin da aure ya rufe, gwaji kuwa ba ya jin kunya. Yana iya tayar da maganar bauta a gidan da ya manta da ita, ko ya zama makami a rikicin gadon sarauta. Mafi muni, tun wajen 2011 ƙasar Zamfara ta ga zubar da jini mai yawa, inda aka riƙa raba mutane da sunan wannan Bahaushe ne, wancan Bafillace ne. Takardar gwaji a hannun wanda bai fahimce ta ba tana iya ƙara wa wannan wuta itace, alhali abin da ke cikinta cakuɗuwa yake nunawa.

Saboda haka ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su fara da abin da ke hannu. Kowane ɗalibi ya koma garinsu ya rubuta salsalar gidansu, ta uba da ta uwa, da zanensu, da kirarinsu, da abokan wasansu, tun tsofaffin da suka san waɗannan abubuwa suna da rai. Ƙwayar gado tana nan cikin jikoki, za ta jira. Tsoho ba ya jira.