Tarihin Gasar Fentin Ƙananan Mayaƙan Tebur da Abin da Ya Shafi Ƙasar Kurfai

A cikin wasannin dabara da ake yi a zaune, akwai wani reshe da ya bunƙasa a Turai wanda ake kira wasan yaƙi na kan tebur, inda mutum biyu ke jera rundunonin ƙananan mutum-mutumi da tsawon kowane yakan kasance wajen santimita 3, su auna tafiyarsu da ma'auni, su kuma jefa ɗan ludo mai fuska shida domin a san wanda ya ci. Mai karatu a Filinge ko Cikal, cikin ƙasar Kurfai, ba zai rasa abin kwatance ba, domin dara da ake bugawa a cikin rairayi, mai gurbi 30 da ƴaƴa 12 ga kowane ɓangare, ita ma kafsawa ce ta runduna biyu. Bambancin shi ne ɗan dara tsinke ne ko tsakuwa, ba ya da fuska kuma ba a tambayar kyansa, alhali a wancan wasa an kai ga ware kyauta ta musamman ga wanda ya fi iya shafa wa mayaƙansa launi, ko da shi ne na ƙarshe a fagen wasan.

Asalin wasan aikin soja ne. A shekarar 1812 wani bafaden ƙasar Furushiya, ɗaya daga cikin masarautun Jamus na wancan zamani, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani tebur na koyon dabarun yaƙi, sannan ɗansa, wanda hafsan igwa ne, ya gyara ƙa'idojin ya buga su a 1824, ya mai da wasan kan taswira ta gaskiya. A wannan mataki rundunonin ƙananan tubala ne na darma, launinsu biyu kacal, ja da shuɗi, kuma amfanin launin bai wuce na tsinke da tsakuwa a dara ba, wato a bambanta namu da nasu. Bayan Furushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sojojin wasu ƙasashe suka ɗauki wannan hanya ta horo.

Ƙananan sojojin masu siffar mutum kuwa daga kasuwar kayan wasan yara suka fito. A birnin Nuremberg na Jamus masu zubin kuza sun shahara da sirararan sojoji masu faɗi kamar kwabo, musamman gidan Heinrichsen da aka kafa a 1839, a Landan kuma kamfanin William Britain ya fito a 1893 da dabarar zubi mai rami a ciki, wadda ta rage darmar da ake ci ta kuma sauko da farashi. Marubucin Ingila H. G. Wells shi ne ya haɗa igiyoyin biyu, lokacin da ya buga littafinsa Little Wars a 1913, inda ya tsara wa manya ƙa'idojin yaƙi da waɗannan sojoji na yara, ana harbinsu da ƙaramar igwa mai jefa guntun itace. Sai dai har zuwa wannan lokaci fenti aikin ƴan ƙodago ne da ake biya gwargwadon adadin da suka shafa, kuma mai saye yana karɓar kayansa a gama, ba ya sanin hannun da ya yi su.

Sauyin da ya haifi gasar fenti ya zo ne bayan yaƙin duniya na biyu, sa'ad da ƙananan masu zubi suka riƙa sayar da mayaƙan tsirara, launin ƙarfe kawai, aikin shafa ya koma hannun mai wasa. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, da reshensa na zubi Citadel da ya fara aiki a 1979, su suka mai da wannan nauyi abin alfahari. Sun fitar da wasan Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987, kuma a wannan shekara ta 1987 aka yi gasar Golden Demon ta farko, wadda ba a buga wasa a cikinta ko kaɗan, aikin buroshi kawai ake dubawa. Babbar kyautar gasar takobi ne na gaske da ake kira Slayer Sword, wanda Ivan Bartleet ya fara ɗauka. Wannan zaɓi ba zai zama baƙo ga ɗan Nijar ba, tunda zakaran kokowar gargajiya ta ƙasa, wadda aka fara gasarta a Tawa a 1975, shi ma takobi ake miƙa masa, kuma kowa ya san darajarsa ta fi kuɗin ƙarfen da aka ƙera shi da shi. Kyautar kuɗi mai tsoka ta biyo baya a 2011, lokacin da gasar Crystal Brush ta taron AdeptiCon a yankin Shikago na Amurka ta sanya wa na ɗaya dala 10,000.

Abin da alƙalai ke dubawa ya cancanci bayani, domin a nan ne ake gane cewa sana'a ce mai wuya. Abu mai tsawon gaɓar yatsa ba ya yin inuwa irin ta mutum, saboda haka dole mai fenti ya zana hasken da kansa. Yakan fara da shafen share fage domin fenti ya kama, ya ɗora launin tushe, sannan ya zuba tsinkakken launi mai duhu wanda ke gangarawa cikin ramuka da ninkin riga ya zauna, daga nan ya bi tudu-tudun jikin da launi mai haske, shafa bisa shafa, har sauyin daga duhu zuwa haske ya zama ido ba ya ganin iyakarsa. Ƙwararru sukan nuna ƙyallin takobi ko sulke ba tare da fenti mai ƙyalli ba, da fari da toka da baƙi kawai, sukan kuma sa fitilar da ke hannun mayaƙi ta haska fuskarsa kamar da gaske tana ci. A gasar wasa ta yau da kullum, inda ake duba runduna gaba ɗaya, mizanin ya ɗan bambanta: ana neman launukan su yi jituwa daga mayaƙi na farko har na ƙarshe, a kuma gyara ɗan dandamalin da kowane ke tsaye a kai da yashi ko ciyawa. Tarurruka da yawa suna gindaya sharaɗin launi uku aƙalla kafin a bar runduna ta hau tebur, kuma da yake akwai masu yin fenti da lada, an saba hana kyautar ga wanda ya zo da aikin da ba hannunsa ya yi ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi kowane adalci, domin ya mayar wa mai aiki sunan da ƴan ƙodagon Nuremberg ba su samu ba.

Jihar Tilaberi, inda Kurfai take, ba baƙuwa ba ce ga ƙananan siffofi. A Bura, can yammacin kogin Kwara wajen Tera, an ci karo a 1975 da wata tsohuwar makabarta wadda masanin tarihi Bube Gado ya tona a 1983, aka sami ɗaruruwan tulunan yumɓu, wasu da kawunan mutane, har da mahayin doki da ya shahara, kuma tarihinsu ya faro tun wajen ƙarni na 3. Bayan an nuna su a Faransa a 1993 ɓarayin kayan tarihi suka far wa wuraren, abin da ya zama babbar asara ga ƙasa. A Kurfai kanta, cikin Dallol Boso, yara suna gina shanun laka da damina, su fitar da tozo da ƙaho da leɓe, kuma idon da ke yi musu hukunci gogagge ne, domin tashar kiwo ta Tukunus da ke arewa da Filinge ta daɗe tana zaɓen shanun Azawak bisa madara da kuma launi, ja mai duhu a gaɓoɓi. Mutanen da ke iya bambanta jan saniya da jan ƴar uwarta ba za su gaza alƙalancin launi ba.

Ba za a tsallake hukuncin addini ba, tunda malaman Malikiyya sun hana sassaƙa cikakkiyar siffar abu mai rai wadda ke da inuwa, sun kuma yi rangwame a kan ƴar tsanar da ƴan mata ke wasa da ita. Wannan iyaka ba ta rufe ƙofa ba, domin abin koyi a tarihin nan shi ne tsarin kyautar kansa, kuma allon dara na itace, da ƴaƴansa da aka sassaƙa aka rina, da zanen ƙwarya da aikin dukanci, duk suna iya shiga gasa ba tare da saɓani ba. Fagen kokowa ya riga ya nuna hanya, inda ake ware lada ga gwanin kirari ban da wanda ya yi kaye. Ya kamata masu shirya gasar dara da bukukuwan makarantu a Filinge da garuruwan Kurfai su sanya kyauta ta biyu kusa da ta zakara, a ba wanda kayan wasansa suka fi kyau, a kuma kira sunan wanda ya yi su a gaban jama'a.