Sunayen Garuruwa a Matsayin Shaidar Tsohon Keltanci

Harshe yakan mutu ya bar sunayen garuruwa da koguna a bakin mutanen da ba su san ma'anarsu ba. Haka ta faru ga Keltawa, waɗanda kafin mamayar Rumawa harsunansu suka bazu daga tsibiran Ailan da Birtaniya har zuwa tsakiyar Turai. Uwar waɗannan harsuna, wato Tsohon Keltanci, ba a taɓa rubuta ta ba. Masana ne suka farfaɗo da kalmominta ta hanyar kwatanta harsunan da ta haifa, aikin da ya kafu sosai bayan da Johann Kaspar Zeuss ya wallafa Grammatica Celtica a 1853. Shi ya sa ake ɗora wa irin waɗannan kalmomi alamar tauraro, don nuna cewa hasashe ne na ilimi.

Kalmar *dūnom, mai nufin gari mai ganuwa, ita ce a ƙarshen Lugdunum, wato Liyon ta Faransa, da Singidunum, wato Belgirad ta Sabiya. Mutanen Ailan har yanzu suna da ita a matsayin dún. Kalmar *magos, wato fili, ta fito a Rotomagus, Ruwan ta Faransa a yau. Ita kuwa *abonā, kogi ke nan, ta zama afon a harshen Wales, kuma daga gare ta ne wasu kogunan Ingila suka sami sunan Avon. Ashe wanda ya ce Kogin Avon, kogi ya faɗa sau biyu.

Amma fa suna shaida ne da sai an yi masa tambayoyi. Augustodunum, wato Autun ta yau, ya haɗa *dūnom da sunan Sarki Augustus, kuma a zamaninsa aka kafa garin, bayan Yuliyus Kaisar ya ci ƙasar Gaul da yaƙin da ya fara a shekarar 58 kafin Miladiyya. Sunan bai nuna tsufan garin ba. Abin da ya nuna shi ne cewa kalmar tana raye a ƙarƙashin mulkin Rumawa. Saboda haka suna yakan tabbatar da inda harshe ya taɓa isa, amma sanin lokacin da masu shi suka zo sai an haɗa da binciken kufai da rubutattun bayanai.