Bautar Na'ura a Ƙagaggun Labaran Turawa

Tun kafin a ƙera talabijin marubutan Ingila suka soma fargabar ranar da ɗan Adam zai zama bawan abin da ya ƙera da hannunsa. A shekarar 1909 E. M. Forster ya wallafa gajeren labari mai suna The Machine Stops, inda kowa yake zaune shi kaɗai a ɗaki ƙarƙashin ƙasa, Na'ura tana ciyar da shi, tana sada shi da jama'a ta murya da hoto, har aka shiga bauta mata. Ran da ta tsaya sai halaka.

Aldous Huxley ya zurfafa batun cikin Brave New World a 1932. Masu mulki a nan ba su bukatar bulala, domin sun wadata talakawa da ƙwayar soma da silima mai ratsa jiki. Wannan ya sha bamban da littafin George Orwell na 1949, inda allon bango yake leƙen asirin mutane, ana mulkinsu da tsoro.

Amma Ray Bradbury, Ba'amurke, shi ya fi gano bakin zaren cikin Fahrenheit 451, wanda ya fito a 1953, sa'ad da talabijin take mamaye gidajen Amurka. Mildred, matar wani ma'aikacin ƙona littattafai, takan wuni gaban bango uku na talabijin, tana kiran mutanen ciki danginta, tana matsa wa mijin ya sayo na huɗu. Ta haɗiye ƙwayoyin barci har ta kusa mutuwa, gari ya waye ba ta tuna kome ba. A ƙasar tasu kuwa jama'a da kansu suka fara watsar da karatu, daga baya ne hukuma ta zo da wuta.